Bayan an saki kifin, me ya rage a bibiya? Amsa kan aikin sa ido a gidajen ƙyanƙyasar salmon

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya kamar haka: "Assalamu alaikum. Na karanta fannin kiwon kifi, na kuma yi shekara biyu a gidan ƙyanƙyasar tarwada. Ina yawan ganin ana neman ma'aikatan wucin gadi da za su sa ido kan kifin salmon da sitilhed a gidajen ƙyanƙyasa na Amurka. Abin da ya ɗaure mini kai, kifin da aka ƙyanƙyashe aka sake shi cikin kogi, me kuma ya rage da za a bibiya? Mene ne ainihin aikin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta yi ma'ana, domin a gidan tarwada lissafi yana ƙarewa ne ranar da mai saye ya zo da jarkarsa, aka ƙirga masa 'ya'yan kifi, ya biya ya tafi. A can kuwa ranar da aka buɗe ƙofar tafki aka saki kifin, ranar lissafin yake farawa, kuma ba za a rufe littafin ba sai bayan shekara biyu, uku, wani lokaci biyar. Na yi wannan aiki na wasu shekaru a rafukan da ke zuba cikin kogin Snake, babban reshen kogin Kolombiya a arewa maso yammacin Amurka, saboda haka da can zan ba ka misali.

Sai ka fara sanin halin kifin. Salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyasarsa, cikin tsakuwar rafi mai sanyi. Ya yi watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu, sai jikinsa ya sauya, ya koma fari kamar azurfa, ya gangara teku. A teku yake girma. In lokacin haihuwa ya yi sai ya juyo, ya daina cin abinci, ya yi ta haurowa yana bin ƙamshin ruwan da ya taso a ciki har ya iso rafin nan. Mace ta haƙa sheƙa a tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba maniyyi, ta rufe. Daga nan dukansu sai mutuwa. Sitilhed ɗan'uwansu ne na kusa, amma shi ba lallai ya mutu ba. Wasu kan sake gangarawa teku su dawo haihuwa ta biyu, ko da yake kaɗan ne ke kai labari.

An kiyasta cewa kafin zuwan Turawa kifi miliyan 10 zuwa 16 ne ke hawa Kolombiya duk shekara. Kamun da ya wuce kima da sarar daji da haƙar ma'adinai suka fara cin su, sai madatsun ruwa suka zo suka ƙarasa. An gama madatsar Bonneville a 1938. Grand Coulee da ta biyo baya ba a yi mata matakalar kifi ba ko ɗaya, duk abin da ke samanta ya yanke daga teku. A 1957 madatsar The Dalles ta nutsar da Celilo, gangaren ruwan da 'yan asalin ƙasar suka shafe dubban shekaru suna su a bakinsa. Yau kifin da ya taso daga jihar Aidaho madatsa takwas zai ratsa kafin ya ga teku, takwas kuma a hanyar dawowa. Gidajen ƙyanƙyasa diyya ce ta wannan ɓarna. Dokar Mitchell ta 1938 da shirin diyya na ƙasan kogin Snake na 1976 su suka samar da kuɗin gina da yawa daga cikinsu. Gidan Dworshak da ke kusa da garin Orofino, alal misali, an gina shi ne domin madatsar Dworshak ta toshe wa sitilhed hanyar reshen arewa na kogin Clearwater. Akwai kuma alkawari a wuyan gwamnati: yarjejeniyoyin 1855 da ƙabilun Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce sun tabbatar musu da haƙƙin su a wuraren da suka saba, kuma haƙƙin su ba ya da amfani in ba kifi.

To yanzu ana sakin 'ya'yan kifi fiye da miliyan 100 duk shekara a wannan kwari. Kuma a cikin kogin nan dai akwai sauran kifin asali, wato na dawa, wanda ba hannun mutum a haihuwarsa, da yawa daga cikinsu suna ƙarƙashin dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa ta 1973. Su biyun a ruwa ɗaya suke tafiya, kama ɗaya, girma ɗaya. Ɗaya an halatta wa masunci ya kai gida, ɗayan in ya kashe shi ya yi laifi. Kusan duk aikin da ka gani ana talla, in ka tace shi, amsar tambaya biyu ake nema: cikin waɗanda muka saki nawa suka dawo, kuma me suke yi wa na dawa? Ba a amsa ko ɗaya sai an iya bambance wane ne wane.

Shi ya sa alama ita ce uwar aikin. Mafi sauƙi, akwai wani ɗan ƙaramin fiffike mai tsoka a bayan kifin, tsakanin babban fiffiken baya da jela. Ana yanke shi tun kifin bai wuce tsawon yatsa ba, kuma in an yanke da kyau ba ya sake tsirowa. Da mutane ne ke zama layi da almakashi. Yanzu akwai motoci masu na'ura da ke tsotsar kifin ɗaya bayan ɗaya, su auna shi, su yanke, su sake shi ba tare da an taɓa shi da hannu ba. Masunci ya kama kifi ya ga wurin a shafe, ya san na gida ne. Amma wannan bai gaya maka daga wane gida ba, ko na wace shekara. Don haka ake harba wa wani kaso ɗan guntun waya a guringuntsin hanci, tsawonsa milimita 1.1, siriri kamar gashi, an zana masa lamba. Duk rukuni guda lambarsu ɗaya. Wayar ba ta karantuwa sai kifin ya mutu: ka goga masa wata sanda mai gano ƙarfe a kai, in ta yi ƙara ka yanke hancin, ka sa a leda da takardar bayani, a daskarar. A ɗakin bincike wani zai yi ta raba naman biyu biyu yana gwadawa har ya ciro wayar, ya karanta ta a madubin ƙara girma. Da irin wannan aka gano cewa kifin Kolombiya har gaɓar Alaska ake kama shi.

Wadda na fi so ita ce alamar PIT. Ɗan kwalbar gilashi ce kamar ƙwayar shinkafa, milimita 12, ana tura ta cikin kogon cikin kifin da allura. Ba ta da batir. In kifin ya ratsa ta cikin eriya, eriyar ce ke ba ta wuta ta faɗi lambarta, kuma kowane kifi da tasa. An shimfiɗa irin waɗannan eriya a hanyoyin ratse na madatsu, da matakalan kifi, da ƙasan rafuka da dama, duk bayanin yana taruwa a rumbu guda mai suna PTAGIS wanda kowa zai iya dubawa ta intanet. Kifin da na riƙe a tafin hannuna a watan Afrilu, sai in ga ya wuce madatsar Lower Granite bayan kwanaki, ya wuce Bonneville, shiru, sannan bayan shekara biyu lambar ta sake fitowa yana haurowa. Wani kuma ba ya fitowa a ko'ina sai a wani tsibiri a bakin teku, East Sand, inda dubban tsuntsayen ruwa ke sheƙa. Bayan tsuntsayen sun tashi ma'aikata kan bi ƙasar da na'ura suna karanta alamun da suka fito cikin kashi da aman tsuntsu. Ta haka aka san cewa tsuntsaye sun fi yi wa sitilhed ɓarna a kan sauran, don ya fi girma kuma ya fi bin saman ruwa.

Tun wajen 2008 a yankin Snake an ƙara wata dabara da ba ta bukatar taɓa ɗan kifin ma. Duk uwa da uban da aka haɗa a gidan ƙyanƙyasa ana yankar musu ɗan fiffike a adana bayanin ƙwayoyin halittarsu. Bayan shekaru, duk inda aka kama ɗansu, gwaji zai nuna iyayensa, da gidan, da shekarar. Alama guda a jikin uwa ta zama alamar 'ya'ya dubu uku ko huɗu.

Bari in bi da kai yadda shekarar take. Da bazarar can, daga Maris zuwa Yuni, ƙanƙarar duwatsu tana narkewa, ruwa ya cika, 'ya'yan kifi suna gangarawa. Aikin tarko ke nan. Tarkon wani ƙaton mazurari ne na ƙarfe, faɗin bakinsa mita 1.5 ko 2.4, a kan kwale-kwale biyu, an ɗaure shi da igiyar ƙarfe a tsakiyar rafi. Ƙarfin ruwa ne ke juya shi, duk kifin da ya shiga ya zarce cikin akwati a baya. Ka ɗauke shi kamar gura, sai dai wannan tana juyawa kuma ba don ci ake kamawa ba. Da sassafe ka hau, ka kwashe da koma, ka zuba kaɗan kaɗan a ruwan maganin sa barci, ka duba jinsi, ka duba ko an yanke fiffike, ka goga na'ura, ka auna tsawo da nauyi, ka sa wa wasu alama, ka mayar da su ruwa mai kyau su farfaɗo. Hannunka cikin ruwan da bai wuce digiri 4 ko 5 ba, yatsu sun ƙage, ga kifin da in ya daɗe a magani ba zai tashi ba.

Tarko ba ya kama kowa, kuma a nan sababbin shiga ke rikicewa. Misali, ka sa wa kifi 200 alama, ka kai su sama da tarkon ka sake su da magariba. In 20 suka sake faɗowa, tarkonka yana kama kashi 10 cikin 100 ke nan. In a daren ka kama 500 marasa alama, to kimanin 5,000 ne suka wuce. Amma da ruwa ya ƙaru ko ya ragu wannan kaso ya canza, dole a yi ta maimaita gwajin har ƙarshen lokacin tarkon. Ranar da ruwa ya yi tashin hankali, ranar kifi ya fi gangarawa, ranar ce kuma itatuwa ke toshe mazurarin. Na taɓa kwana ina fita duk bayan awa biyu da tocila a goshi ina zare rassa, domin in tarkace ya cika akwatin, da safe gawarwaki za ka tarar, kuma kowane kifin dawa da ya mutu a hannunka sai an rubuta shi an kai rahoto, akwai iyakar da izininku ya ba ku.

Da rani manya ke isowa. A Bonneville akwai tagar gilashi a jikin matakalar kifi, mutum na zaune a ɗaki yana ƙirga duk wanda ya wuce da jinsinsa, kuma tun 1938 ake ƙirgar nan. A rafuka kuwa shinge ake gitta wa ruwa, irin dumba, ya kora kifin cikin akwati. Nan za ka rungumi kifi mai kilo bakwai ko goma yana dukanka da jela, ka duba alama, ka ciri ɓawo biyu ko uku don sanin shekarunsa, sannan a yanke shawara: wannan a ajiye don haihuwa, wannan a haye da shi sama ya haihu da kansa, wannan a cire shi. Zafin ruwa ne abin tsoro a lokacin. In ya haura digiri 20 kifin yana wahala, akan dakatar da taɓa shi. A 2015 ruwan Kolombiya ya yi zafi da wuri, aka yi asarar jan salmon da suke kira sokai kimanin 250,000 a hanya.

Ranar haɗa ƙwai za ka ga abin da ka sani, amma a juye. A gidanku mace kuke yi wa allura ku matse ta, ku yanka namiji don ku ciro maniyyi. A salmon ba a cika bukatar allura ba. Duk mako ana taɓa cikin matan, wadda ta nuna a kashe ta, tunda dama mutuwa za ta yi, a tsaga cikin ƙwai ya zubo a bokiti, manya manya ja kamar ƙwayar wake. Namiji kuwa matsa shi kawai ake yi. Mai sa ido yana gefe da takarda: lambar uwa, lambar uban da aka haɗa ta da shi, lambar farantin da ƙwan ya shiga. Ana ɗibar ruwan ƙwai don gwajin ƙwayar cutar IHN, a yanki ƙoda don gwajin cutar ƙoda ta bakteriya wadda uwa ke ba ɗa ta cikin ƙwai. In sakamako ya fito da yawa, farantin uwar nan zubar da shi ake yi. Ka ga in lamba ta rikice, an zubar da lafiyayye an bar mai cuta. Ƙwan tarwada kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ya fashe; na babban salmon da ake kira Cinuk yakan kai kwana 50 a ruwa mai digiri 10.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin gaskiyar aikin take, shi ne yawon sheƙa da gawa, daga Agusta zuwa Oktoba. Ku biyu za a ba ku wani yanki na rafi, kilomita biyar ko takwas, ku sa wandon roba har ƙirji da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ku bi. Tsakuwar rafi tana da gansakuka, duhu duhu take. Inda mace ta haƙa sai ka ga fili mai haske, rami a sama, tudun tsakuwa a ƙasa inda ƙwan yake. Ka ɗauki wurin a na'urar GPS, ka ɗaura ƙyalle a reshe don kada a sake ƙirga shi mako mai zuwa, kuma ka kiyayi taka tudun. Akwai ramin gwaji da mace kan fara ta bari, ba sheƙa ba ne, ido sai ya saba kafin ya bambance. Na sitilhed ya fi wuya, domin shi da bazara yake haihuwa lokacin ruwa ya yi yawa ya gurɓace.

Gawa kuwa hanci ne ke kai ka. Wata ta kwana biyu, wata ta narke har in ka ɗaga ta sai ta rabu a hannunka, tsutsa na zuba. Haka za ka durƙusa ka duba fiffike, ka goga sanda, ka auna daga ido zuwa gindin jela saboda jelar ta cinye wajen haƙa. In mace ce ka tsaga cikin: in fayau yake ta haihu, in ƙwai na nan cike ta mutu kafin ta haihu, kuma wannan adadi yana da muhimmanci ƙwarai. Ka ciri ɓawo da ɗan nama, ka yanke hanci in da waya, ka datse jelar don kowa ya san an gama da ita, ka jefa ta ruwa. Ba a ɗauke ta domin gawar taki ce; ƙwari su ci, 'ya'yan kifi su ci ƙwarin. Kana yi kana ɗaga murya lokaci lokaci, saboda ba kai kaɗai ke neman gawar ba, akwai beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari. Warin kuwa kwana uku yana hannunka ko da me ka wanke.

Daga waɗannan gawarwaki ake fitar da adadin da ake ta rigima a kansa: cikin kifin da suka haihu a rafi, kashi nawa ne 'yan gidan ƙyanƙyasa. Dalilin damuwar shi ne tafkin siminti yana zaɓen irin nasa. Kifin da ya jure cunkoso, ya saba abinci na faɗowa daga sama, shi ke rayuwa a tafki, ba lallai shi ne zai iya rafi ba. A 2007 Hitoshi Araki da Michael Blouin da abokiyar aikinsu suka wallafa bincike kan sitilhed na kogin Hood a Oregon, suka nuna cewa kowane zuriya guda da aka yi a tsare tana rage nasarar haihuwa a dawa da kusan kashi 40 cikin 100. Sai kuma a 2012 wani bincike kan Cinuk na rafin Johnson a Aidaho, inda ƙabilar Nez Perce ke ɗaukar iyaye daga kifin dawa zalla, ya nuna shirin ya ƙara yawan kifi ba tare da an ga illa a fili ga na dawa ba. Kowane ɓangare yana ɗaga nasa. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne, kuma abin da suke nunawa shi ne ba a yi wa gidajen ƙyanƙyasa hukunci a dunƙule; ya danganta da jinsin, da inda aka samo iyaye, da yawan da ake saki. Wanda ya ce a rufe su duka, a tambaye shi sokai na tafkin Redfish. Kifin nan yana hawan kusan kilomita 1,450 daga teku zuwa tsaunukan Aidaho. A 1992 guda ɗaya tak ya dawo, namiji, har aka sa masa suna Lonesome Larry, wato Larry mai kaɗaici. Aka daskarar da maniyyinsa, aka raini zuriyar a tsare, da haka irin bai ɓace ba. Wanda kuma ya ce gidan ƙyanƙyasa ya maye gurbin kogi, a nuna masa alƙaluman dawowa. Burin da hukumar tsara wutar lantarki da kifi ta yankin ta sa shi ne kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na 'ya'yan da suka gangara su dawo manya, amma rukunoni da yawa ba sa kai ko kashi 1.

Wannan ne ma yake sa ni tunanin gida. Sau nawa muka ga an zuba 'ya'yan kifi a dam, an yi jawabi an ɗauki hoto, ba wanda ya yanke wa ko ɗaya fiffike balle ya koma bakin ruwa bayan wata shida ya duba kwandon masunta? Almakashi da littafi ba su da tsada.

Ka tambayi ainihin aikin, to rabinsa rubutu ne, kuma a nan ake gane ma'aikaci. A kakata ta farko na rubuta lambobin samfurin nama da biro, na jefa takardun cikin kwalaben barasar gwaji kamar yadda aka ce. Washegari tawadar ta narke tas, ruwan ya koma shuɗi, takardu fari fat. Wahalar yini guda, da tafiya da wari, ta tashi a banza, don naman da ba a san na wane kifi ba ne shara ne. Shugabar ayarinmu ba ta yi faɗa ba, fensir ta miƙo mini. Tun daga ranar ko a gida da fensir nake rubutu. Haka in ba ka tabbatar ko fiffiken yankakke ne ko ruɓewa ya yi ba, akwai gurbin "ba a sani ba" a takardar, shi za ka cika. Mai cika gurbi da zato ya fi mai barinsa ɓarna, domin wanda zai yi lissafi a ofis bayan shekara uku ba shi da hanyar gane zaton.

Masu ɗaukar ma'aikatan su ne hukumomin kifi na jihohin Aidaho da Oregon da Washington, da hukumar kifi da namun daji ta tarayya, da sassan kifi na ƙabilun da na ambata, da hukumar haɗin gwiwar jihohin gaɓar Pasifik. Aikin na wata uku zuwa tara ne, albashin ba yawa, wurin kwana sau da yawa tirela ce a daji inda waya ba ta kamawa. Galibi suna son wanda ya riga ya mallaki izinin aiki a ƙasar, don haka ƙofar da ta fi buɗuwa ga irinmu ita ce ta karatun digiri na biyu a jami'o'in yankin, inda malami zai tura ka rafi a cikin bincikensa. Shekara biyun da ka yi a gidan tarwada ba ƙaramin jari ba ne: ka san riƙon kifi, ka san iskar ruwa da tsaftar kayan aiki, ka san tashin dare. Abin da za ka ƙara kafin ka nema shi ne iyo sosai, da lasin tuƙi, da lissafin sa alama da sake kamawa, da sarrafa bayanai a Excel ko manhajar R. Ka kuma shiga PTAGIS ka zaɓi rukuni guda da aka saki daga Dworshak, ka bi su madatsa bayan madatsa, ka ƙirga da kanka nawa suka rage a Bonneville.